Kuɗi Sun Fita, Rasit Bai Zo Ba



A taron da ya gabata, da ma'aji ya zo kan layin kula da shafin intanet a kasafin kuɗi, wani dattijo cikin iyayenmu ya ɗaga hannu ya ce, "Yara, abin nan ba yana aiki ba? Abin da bai lalace ba, me za a gyara masa?" Aka yi dariya, mu ma muka yi. Sai dai ba mu ba shi amsar kirki ba, don lokaci ya ƙure, kuma bayanin ba na tsaye ba ne. Shi ya sa muka ce bari mu rubuto a nan, kowa ya karanta a nitse. Baba, tambayarka tana kan hanya. Mu ma shekara uku cur muna kan wannan ra'ayin naka, har ranar da muka ji a jikinmu.

Mu uku ne ke riƙe da shafin. Ɗaya yana gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, ɗaya yana sana'ar POS a Agege, na ukun a lokacin ɗalibi ne. Ba mu muka gina shi ba. Wani yayanmu ne ya gina a 2018, kafin ya tattara ya koma gida Arewa. Waɗanda suka daɗe a ƙungiya sun san yadda ake fama kafin nan: ma'aji da littafinsa a hammata, yau yana Mile 12, gobe Alaba Rago, jibi Idi-Araba, rabin yini ya tafi a gosulo don karɓar kuɗin wata na mutum goma. Da shafi ya zo, sai mutum ya biya daga inda yake, rasit ya shigo masa a waya, sunansa ya hau jerin waɗanda suka biya. Haka ma idan an buɗe gudummawa ta asibiti ko ta gobara.

Yayan namu ya gina shafin ne a kan wata manhaja da ake kira Laravel. Ita kamar ƙwarangwal ɗin gini ce da aka riga aka kafa, da ginshiƙai da ƙofofi, kai naka shi ne ka yanka ɗakuna yadda kake so. Da ya gama, sai ya ɗauki ginin da duk abin da yake buƙata don ya yi aiki, ya zuba su cikin abin da masu wannan harka ke kira kwantena, da wata manhaja mai suna Docker. Wanda ya taɓa zuwa Apapa ya gane hoton: an loda kaya, an rufe, an buga hatimi, duk jirgin da aka ɗora wa zai kai shi yadda yake. Amfaninta ke nan. Ko an canja kwamfutar da shafin ke zaune a kai, wadda ake kira uwar garke, ba abin da zai motsa a ciki. Ranar da zai tafi ya ce mana, "Ku biya kuɗin haya a kan lokaci, ku riƙa kwafe bayanai duk mako, amma kada ku taɓa komai a cikin kwantenar nan." Muka riƙe wannan magana kamar wasiyya. Har alfahari muke yi da ita.

Ranar Alhamis 30 ga Satumba 2021, ana tsakiyar tara gudummawa ga wani ɗan'uwanmu ɗan acaba da mota ta buge. Asibiti sun ce sai an ajiye wani kaso kafin su shiga da shi tiyata ranar Asabar. Jama'a sun yi ƙoƙari, tun Laraba kuɗi ke shigowa. Wajen la'asar sai saƙo na farko ya faɗo a guruf ɗin WhatsApp: "Na tura, banki sun cire, amma ban ga rasit ba." Muka ce netwok ne, ya ɗan jira. Kafin magariba sun zama bakwai. Kafin isha'i sun haura ashirin, wasu ma sun sake turawa karo na biyu suna zaton na farkon bai je ba, aka sake cire musu.

Daga nan murya ta fara canjawa. Wani ya ajiye saƙon murya na minti uku, yana cewa dama shi tun farko bai yarda a damƙa kuɗin jama'a a hannun yara da kwamfuta ba. Wani ya tambaya ko wa ke da lambar sirrin asusun. Ba wanda ya kira mu ɓarayi ƙarara, amma kowa ya san inda maganar ta dosa. Ku da kuke zaune a garin nan kun san abin da muke nufi: mutumin da ke ƙasar wasu ba shi da gona, ba shi da gidan gado, abin da yake ci da shi sunansa ne. Idan aka ce yaron wane ya taɓa kuɗin mara lafiya, kafin gari ya waye labarin ya isa ƙauyensu. Ma'aji ya kira babbanmu ya ce, "Ku gaya min tsakani da Allah, an shiga ne?" Ya ce, "Kawu, ba mu sani ba tukuna." Amsar da ta fi kowace ɗaci ke nan, kuma ita ce gaskiya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gudummawar ta tsaya cak. Ba mai sake turawa, ga Asabar tana matsowa.

Muka haɗu a shagon mai POS da kwamfuta ɗaya da janareta. Abu na farko da muka duba shi ne ɗan kwaɗon nan da ke fitowa kusa da adireshin shafi, wanda ke nuna hanya a tsare take. Yana nan daram. Takardar shaidar shafinmu ba ta daɗe da sabuntuwa ba. Muka duba agogon uwar garke, don idan kwanan wata ya karkace komai na iya rikicewa, daidai yake. Muka gwada tura saƙon tes daga shafin, ya shigo nan take, wato kwantenar tana iya magana da waje. To ina matsalar?

Sai ɗalibin cikinmu ya buɗe fayil ɗin da manhajar ke rubuta duk kuskuren da ta ci karo da shi. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa tun daga ƙarfe uku da 'yan mintuna: kuskure mai lamba 60 daga curl, ɗan aiken da shafin ke turawa waje, da bayanin cewa wa'adin takardar shaida ya ƙare. A nan ya kamata mu faɗi yadda biyan ke tafiya. Idan ka biya, kuɗinka ba wajenmu suke fara zuwa ba, suna zuwa ne wajen kamfanin da ke karɓar mana. Daga nan shafinmu ya aika ya tambayi kamfanin ta hanyar da aka tsare: wane ya biya da gaske? Idan suka ce e, sai ya rubuta suna ya tura rasit. Wannan tambayar ce ta daina fita. Ɗan aiken yana zuwa ƙofar kamfanin, ya dubi takardarsu, ya ce ta mutu, ya juyo.

Muka yi ajiyar zuciya, muka ce ashe laifin kamfani ne. Har mun fara rubuta haka a guruf, sai mai gyaran waya ya ce a dakata. Ya buɗe adireshin kamfanin a wayarsa, ya danna kwaɗon, ya karanto: takardarsu tana da sauran makonni. Waya ta ce lafiya lau, kwantena ta ce ta mutu, kuma takarda ɗaya suke kallo. Allah ya rufa asiri ba mu tura wancan saƙon ba, da mun ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba. Muka kira layin kamfanin, ba a ɗauka ba. Sai a lokacin muka tuna gobe 1 ga Oktoba, hutun ranar 'yanci, ga ta Juma'a, sai Asabar da Lahadi a bayanta.

Abin da muka gano a daren nan, bayan karance-karance har idanu suka yi ja, za mu faɗe shi da misalin da iyayenmu na kara suka fi mu sani. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa zuwa Oko-Oba. Mahauci yana so ya ɗauka bashi. Baƙon bai san shi ba, to me zai sa ya saki dabbarsa? Sai dillali ya ce na san shi. Shi dillalin wa ya san shi? Maigida, wanda baƙon ya sauka a wajensa, wanda kowa a kasuwa ya san gidansa. Yarda tana gangarowa ne daga wanda aka sani zuwa wanda ba a sani ba. Haka kwaɗon nan yake aiki. Kowane shafi yana da takardar da ke cewa shi ne shi. Wani ne ya sa mata hannu, shi ma wani ya sa wa tasa hannu, har a kai ga tushe. Kowace waya da kowace kwamfuta tana ɗauke da jerin waɗannan tushe, sama da ɗari, waɗanda ta yarda da su ba tare da tambaya ba. Idan silsilar ta kai ga ɗayansu, sai a buɗe ƙofa.

Takardar kamfanin, kamar tamu, ta fito ne daga Let's Encrypt, wata cibiya a Amurka da ta fara raba takardun nan kyauta a 2015, kowace tana aiki kwana 90 sannan a sabunta. Kafin zuwanta galibi sai ka biya daloli duk shekara, shi ya sa ƙananan shafuka irin namu suka rungume ta. Amma lokacin da ta fara, baƙuwa ce a kasuwa. Tana da tushenta mai suna ISRG Root X1, sai dai wayoyi da kwamfutocin da ke hannun mutane ba su san shi ba. Don haka ta nemi wani tsohon maigida ya tsaya mata, wato DST Root CA X3 na kamfanin IdenTrust, tushen da aka kafa tun shekarar 2000. A jikin takardar wannan tsoho an rubuta ranar da wa'adinsa zai cika: 30 ga Satumba 2021, ƙarfe 2:01 na rana agogon GMT. Ƙarfe 3:01 ke nan a nan Legas. Muka koma muka dubi layin kuskure na farko a fayil ɗinmu, muka kalli juna.

Ba wani ne ya yi mana kutse ba, ba kuma ɓoye abin aka yi ba. An yi watanni ana shelanta wannan rana. Mu ne ba ma bibiya, tunda an ce mana kada mu taɓa komai, mu kuma muka ɗauka har da kada mu karanta komai.

Akwai wani ɓangare na labarin da har yanzu yake ba mu dariya. A shekarun da suka biyo baya sababbin na'urori sun san ISRG Root X1, ba sa buƙatar tsohon. Matsalar ita ce tsofaffin wayoyin Android, waɗanda ba su kai 7.1.1 ba, irin waɗanda ke aljihun iyayenmu da yawa. Su tsohon kawai suka sani. Sai aka lura cewa Android ba ya duba ranar mutuwar tushe, in dai yana cikin jerinsa ya wadatar. Don haka aka shirya cewa za a ci gaba da liƙa sunan tsohon a ƙarshen silsila ko bayan wa'adinsa ya cika, don kada a bar masu tsofaffin wayoyi a baya. Dabarar ta yi aiki. Amma ita ce ta kayar da mu. A cikin kwantenarmu akwai manhajar da ke tantance takardu, OpenSSL, kuma tamu 1.0.2 ce. Sababbin fitowarta idan suna bin silsila suka iso kan tushen da suka sani, sai su tsaya nan. Ita 1.0.2 sai ta bi har ƙarshe. Ta wuce ISRG Root X1, wanda yake cikin jerinta, ta je ta tarar da tsohon, ta ga wa'adinsa ya cika, ta ce sam. Kamar mutumin da ɗan maigida ke tsaye a gabansa, ya san shi, ya san shi ne ya gaji gidan, amma ya kafe sai an kawo masa marigayin. Wayar Baba mai tsagaggen gilashi tana buɗe shafi lafiya, kwantenar da muke taƙama da ita ta kasa. Kamfanin tura tes kuwa daga wani wuri daban suka karɓi takardarsu, shi ya sa nasu bai tsaya ba.

Wajen ƙarfe goma sha biyun dare muka san cutar, amma ba mu san maganin ba. A nan ne jarrabawar ta zo. Akwai layi ɗaya da ake iya ƙarawa a manhajar, a ce wa ɗan aiken ya daina duba takarda gaba ɗaya, duk wanda ya amsa ya karɓa. Duk inda ka nemi maganin kuskure mai lamba 60 za ka tarar da mai ba da wannan shawarar. Ɗalibin ya ce a sa. Ba za mu ɓoye muku ba, mun sa, don mu gani. Mai POS ya tura naira 100 daga wayarsa. Kafin ya ajiye wayar rasit ya shigo.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Ga magani a hannu, ga mara lafiya a kwance, ga sunanmu ana ja a ƙasa. Ɗalibin ya ce, "Yaya, mu bar shi haka zuwa Litinin mana. Wa zai sani? Wa ma ya damu da ɗan shafinmu?" Kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ko an kashe binciken, saƙon yana tafiya a rufe, mai leƙe daga gefe ba zai karanta ba. Kafin a cuce mu sai wani ya iya shiga tsakanin uwar garkenmu da kamfanin ya yi shigar burtu, abin da ba kowane ɗan damfara ke iyawa ba. Ta yiwu a yi kwana huɗun ba abin da ya faru.

Mai POS ne ya ƙi. Ya ce shi sau biyu ana cinsa da alat na bogi. Mutum ya zo ya nuna maka fuskar wayarsa, ga sunanka, ga adadi, ga alamar an tura, ka ƙirga kuɗi ka ba shi, sai dare ka ga ba abin da ya shigo. Ya ce tun daga na biyun ya yi rantsuwa ba ya sake sakin ko sisi sai ya gani a nasa asusun, ko da mai tsayuwar limamin unguwa ne. "Wannan layin da ka sa," in ji shi, "cewa ka yi mu riƙa ba da rasit da ganin fuskar waya." Mai gyaran waya ya ƙara da abin da ya fi wannan nauyi: duk tambayar da shafin ke aikawa tana ɗauke da mabuɗin sirrin asusun ƙungiya. Idan ɗan aike ya daina duba fuska, duk wanda ya tare shi a hanya shi zai miƙa wa mabuɗin. Sannan mun san halinmu. Abin da aka ce zuwa Litinin, in dai yana aiki, zai kai shekara. Garin neman gira a rasa ido. Mun ɗan ɗaga wa juna murya, har maƙwabcin shago ya leƙo. A ƙarshe ɗalibin da kansa ya goge layin, yana ƙunƙuni.

To mara lafiya fa? A nan sai muka koma wa abin da muka raina. Kamfanin yana da shafin da mai asusu ke shiga da burauza ya ga duk abin da ya shigo, kuma burauzar kwamfutarmu sabuwa ce, ba ruwanta da rigimar kwantena. Muka shiga. Kuɗin kowa na nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Muka yage takarda daga littafin mai POS, muka kwafe suna da adadi da lokaci da biro, har da mutum huɗun da suka biya sau biyu. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare muka ɗauki hoton takardar muka sa a guruf, muka rubuta cewa na'urar rasit ce ta tsaya, kuɗi suna nan, duk wanda bai ga sunansa ba ya kira mu. Muka ce duk wanda zai tura ya tura, za mu riƙa sabunta jerin da hannu duk bayan awa biyu. Da asuba ma'aji ya karanta, ya yi magana ɗaya a guruf: "Na duba, haka ne." Daga nan gudummawa ta ci gaba. Kuɗin ba sa fitowa daga kamfanin a ranar hutu, don haka wani Alhaji cikin iyayen ƙungiya ya ba da nasa aka kai asibiti, aka mayar masa a mako mai zuwa. An yi aikin ranar Asabar, kuma ɗan'uwan namu yana nan cikinku, yana karanta wannan.

Yayanmu da ya gina shafin ba mu same shi ba sai bayan sallar Juma'a. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce tun jiya shi ma abin da yake fama da shi ke nan a wurin aikinsa. Gyaran bai kai minti goma ba. Aka shiga cikin kwantenar, aka buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da jerin tushen da aka yarda da su, /etc/ca-certificates.conf, aka nemo layin DST Root CA X3, aka sa alamar motsin rai a farkonsa, wadda ke nufin a cire shi. Sannan aka ba da umarnin update-ca-certificates don jerin ya sabunta. Da tsohon ya fita daga jeri, sai OpenSSL ta daina nemansa, ta tsaya a kan ISRG Root X1. Bincike yana nan a kunne, ƙofa kuma ta buɗe. Muka sa shafin ya sake tambayar duk biyan da suka maƙale, rasit suka yi ta shiga wayoyin mutane kamar ruwan sama. Muka ce masa, "Yaya, ai kai ka ce kada mu taɓa." Ya ce, "Na ce kada ku taɓa don ba ku iya ba a lokacin. Ban ce ku shekara uku ba ku koya ba."

Mun so a ce nan labarin ya ƙare. Bayan kwana tara, ɗalibin ya gyara wani ɗan rubutu a shafin, ya sauke kwantenar ya sake tayar da ita. Cikin awa ɗaya saƙo ya shigo: na tura, ban ga rasit ba. Lamba 60 ta dawo. Abin da ba mu gane ba shi ne kwantena ba ita ce asali ba. Akwai mazubi, kamar na buga bulo, kuma duk lokacin da aka sauke ta aka sake tayarwa, sabuwa ake bugowa daga mazubin. Mu bulo muka gyara. Mazubin yana nan yadda aka ƙera shi a 2018, da tsohon maigidansa a ciki. Gyara na gaskiya sai an rubuta shi a fayil ɗin da ake kira Dockerfile, inda aka jera yadda ake haɗa mazubin, sannan a sake haɗawa. Wannan karon cikin rabin awa muka gama, amma kunyar ta fi ta farko, don ba mu da wanda za mu nuna.

Buɗe wannan fayil ɗin ne ya nuna mana sauran abin da ke kwance. OpenSSL 1.0.2 masu ita sun daina fitar mata da gyara ga jama'a tun ƙarshen 2019. PHP 7.2, harshen da aka rubuta shafin da shi, an daina kula da shi tun Nuwamba 2020. Wato duk wata ɓaraka da aka gano bayan nan, tamu a buɗe take. Hatimin da ya hana komai lalacewa a ciki shi ne ya hana gyara shiga. Sai da muka kwashe kusan wata biyu, Asabar da Lahadi, muna ɗaga komai zuwa sabo. Ka ɗaga wannan, wancan ya karye. Akwai daren da shafin rajista ya ƙi buɗewa sam saboda wani ɗan ƙaramin kunshi da mai shi ya yi watsi da shi, sai da muka nemo madadinsa. Ba aiki ne mai daɗi ba, kuma da muka gama ba wanda ya ga bambanci, shafin yana nan kamar jiya.

Ba kowa ne ya dawo ba. Akwai dattijo ɗaya da tun daga ranar bai sake biya ta shafi ba, kuɗinsa a hannu yake kai wa ma'aji, a rubuta a gabansa. Ba mu ga laifinsa ba, mu ma littafi ne ya fitar da mu a daren. Mai saƙon murya kuwa bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, mu ma ba mu nema ba. Ya dai ci gaba da biya, kuma shi ne kan fara kiranmu idan rasit ya yi jinkirin minti biyu.

Saboda haka, Baba, kuɗin da aka karanto a taro ga inda suke zuwa. Akwai hayar uwar garke, wadda da dala ake biya, kun kuwa san yadda dala ta koma. Akwai kuɗin sunan shafin duk shekara. Akwai wata 'yar ƙaramar uwar garke ta biyu da muke kunnawa idan za mu gwada sabon mazubi, don kada mu sake yin gwaji a kan kuɗin jama'a. Sauran data ne da man janareta. Duk wata uku muna sake haɗa kwantenar daga sabon tushe ko ba abin da ya lalace, kuma ɗayanmu yana da aikin karanta sanarwar masu manhajojin nan. Ladan aiki ba ma karɓa.

Wani abu kuma da ya shafe ku kai tsaye. Dabarar nan da aka yi don tsofaffin wayoyin Android ta ƙare a 2024. Duk mai wayar da ba ta kai 7.1.1 ba zai iya ganin gargaɗi cewa hanya ba a tsare take ba idan ya buɗe shafinmu ko wasu shafukan. In ka ga haka, fara duba kwanan watan wayarka, don sau da yawa batir ne ya mutu agogo ya koma baya. In daidai yake, kada ka danna wurin da aka ce ka ci gaba duk da haka, balle a shafin da za ka sa lambar katinka. Burauzar Firefox tana tafe da nata jerin tushen, takan buɗe a wayoyin da wasu suka kasa. In abin ya gagara, a kawo wayar ofis mu duba.

Ɗalibin cikinmu ya gama karatu, yana neman aiki, kuma ba lallai a Legas zai samu ba. Mai gyaran waya ma ana maganar aurensa a gida. Muna neman matasa biyu, mace ko namiji, da za su riƙa zama da mu ranar Asabar bayan la'asar a ofishin ƙungiya. Ba sai wanda ya karanta kwamfuta ba. Wanda yake da sha'awa ya ba sakatare sunansa, in yana da kwamfuta ya zo da ita, in babu akwai tamu.